Kol ɗin awa 24 da maganar "sarewar" likitoci a asibitocin koyarwa: me ake ta jayayya a kai?

Daga ranar 1 ga Oktoban 2025 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta Najeriya, NARD, ta umarci 'ya'yanta su daina yin kol, wato kwana a bakin aiki a asibiti, da ya wuce awa 24 a jere, kuma wanda ya kwana kol a ba shi hutu kafin ya koma bakin aiki. Umarnin ya zo ne makonni kaɗan bayan rasuwar wani matashin likita a Fatakwal, wanda rahotanni suka ce ya kwanta a ɗakin hutun likitoci bayan kusan kwana uku yana aiki, daga nan bai tashi ba. Ƙungiyar ta ce membobinta na yin sama da awa 100 a mako. Wata ɗaya bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba, suka tsunduma yajin aikin da ya ɗauki kusan wata guda, kuma tsawon lokacin aiki na cikin abubuwan da suka ɗora kan tebur.

Wanda bai taɓa jinyar wani a asibitin koyarwa ba zai iya cewa to awa 24 ma ai ta yi yawa, da can nawa suke yi? Wanda kuma ya taɓa zaman jiran likita tun asuba har azahar tambayarsa daban ce: in sun rage awowi wa zai duba mu? Duka tambayoyin biyu suna kan hanya, sai dai amsarsu na buƙatar a san yadda sashe guda na asibitin koyarwa yake tafiya daga ciki.

Wane ne mai neman ƙwarewa, mene ne kol

Bayan shekara shida a makarantar likitanci, da shekara ɗaya ta horon farko a asibiti, da bautar ƙasa, likitan da ke son zama ƙwararre a fanni ɗaya, ko tiyata ko yara ko mata da haihuwa, sai ya ci jarabawar share fage ya nemi gurbi a asibitin da aka amince ya ba da horo, irin su Malam Aminu Kano, ko na ABU a Shika, ko na Danfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri. Zai yi shekara biyar zuwa shida, wani lokacin fiye, da manyan jarabawa biyu a ƙarƙashin kwalejin ƙwarewa ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko kwalejojin Afirka ta Yamma, ta biyun har da rubuta kundin bincike. In ya gama shi ne kwansoltan, wanda na ƙasa da shi ke kira "cif". Kafin nan shi ɗalibi ne kuma ma'aikaci, kuma kusan duk likitan da za ka gani da ƙarfe biyun dare a asibitin koyarwa ɗayansu ne.

Shi kuma kol ba canjin aiki ba ne irin na nas-nas, inda na safe zai tafi na dare ya zo. Ƙari ne a kan aikin yini. Ka shigo takwas na safe ka yi aikinka zuwa huɗu na yamma, kol ya fara daga nan har takwas na safiyar gobe, sannan a wurare da yawa ka zarce da aikin wannan ranar har huɗu. Lissafa: awa 32 kenan, ana kiransa kol na dare ɗaya. Na ƙarshen mako in ya kama daga safiyar Juma'a zuwa yammacin Litinin awa 80 ne.

A ce rijistara ce, wato likita mai neman ƙwarewa, a sashen mata da haihuwa. Ƙarfe tara na dare an kawo mai jijjiga daga ƙauye, sha ɗaya ga mai zubar jini kuma babu jini a ajiye sai an kira 'yan uwa an gwada su ɗaya bayan ɗaya, ɗaya na dare ta shiga tiyata ciro jariri, tana ɗinki wuta ta ɗauke ana haska mata da fitilar waya kafin a tada janareto, uku da rabi ta samu ta zauna ta buɗe kular abincin da ta zo da shi tun safe sai wayarta ta yi ƙara. Takwas na safe kuma za ta tsaya gaban manya a taron rahoton safe ta bayyana dalilin duk shawarar da ta yanke da daddare, daga nan kilinik, folda ta taru. Jarabawarta saura wata biyu. Wannan ba mummunan dare ba ne a wajensu, dare ne kawai.

Gajiya daban, sarewa daban

Abin da Turawa ke kira "burnout", a nan mu ce masa sarewa, domin Bahaushe in ya ce wane ya sare ya san ba barci kaɗai yake buƙata ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a New York, Herbert Freudenberger, shi ya fito da kalmar a wannan ma'anar a 1974, bayan ya lura da yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta suke shigowa da zafinsu, bayan shekara guda sun zama kamar an zare musu lakka. Daga baya Christina Maslach ta tsara ma'aunin da har yau ake amfani da shi, a 1981, ta kasa abin uku: ƙarfin jiki da na zuciya ya ƙare, mutum ya fara nesanta kansa da waɗanda yake wa aiki har ya daina jin tausayinsu, sannan ya riƙa jin aikin nasa ba ya tsinana komai.

Na biyun shi ne wanda majinyata suka fi sani ko da ba su san sunansa ba. Likitan da bai ɗago kai ya kalle ka ba, wanda ke cewa "gado na 7" maimakon sunan mahaifiyarka, wanda ya katse ka kana tsakiyar bayani. Wani dai halinsa ne tun asali, wannan akwai shi a kowace sana'a. Amma da yawa ba haka suka fara ba.

A Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka sarewa a kundinta na rarraba cututtuka na 11, ta kuma fayyace cewa ba cuta ba ce, yanayi ne da ke tasowa daga matsin wajen aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Wannan fayyacewar tana da nauyi, domin ita ke nuna inda za a nemi gyara: a wajen aikin. Kuma sarewa ba ita ce ciwon damuwa ba, duk da tana iya kai mutum can, shi ciwon damuwa yana bin mutum har gida har ranar Sallah, yana kuma buƙatar magani.

Akwai ma likitocin da ba sa son kalmar sam. A 2018 wasu likitoci biyu a Amurka, Wendy Dean da Simon Talbot, suka ce abin da ke damun abokan aikinsu ya fi kama da rauni a lamiri: ka san abin da majinyaci yake buƙata, ka iya shi, tsarin ya hana ka yi. A can kamfanonin inshora ne da tarin rubuce-rubuce a kwamfuta. A nan yaro ne ke buƙatar iskar oksijin ko allurar da uban ba shi da kuɗinta, sai ka ga likitoci da nas-nas suna karo-karo a tsakaninsu, ran da karo-karon bai isa ba su ne za su fita su yi wa uwar bayani.

Me ya sa asibitin koyarwa ya fi zafi

Saboda aiki uku ne a kan mutum ɗaya, kuma iyayen gida biyu. Kwansoltan da yawa a asibitin koyarwa asalinsu malaman jami'a ne, jami'a ta ɗauke su, asibiti kuma yana amfani da su. Asibiti yana son kilinik da tiyata da zagayen majinyata. Jami'a tana son lacca da jarabawar ɗalibai, kuma ranar ƙarin girma ba ta ƙirga mutum nawa ka yi wa aiki, takardun binciken da ka buga take ƙirgawa. Binciken kuma ba a ware masa lokaci ba, sai dare sai Lahadi, kuɗin bugawa sau da yawa daga aljihu. Ga tsohuwar rigimar ko shaidar ƙwarewa ta likita ta kai matsayin digirin digirgir, da ta tsarin albashin da ya kamata a biya malaman likitanci da shi, waɗanda suna cikin abin da ya kai ƙungiyar kwansoltan, MDCAN, yajin gargaɗi a Nuwamban 2024.

Sai kuma ƙarancin hannu. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai, kuma a 2024 ya ce masu lasisi da suka rage wajen 55,000 ne, ga mutane sama da miliyan 200, su ɗin ma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Na Arewa da yawa Saudiyya suke nufa, wasu Ingila. Yadda wannan yake aiki a cikin sashe lissafi ne mai sauƙi: in mutum shida ne ke raba kol, kowa na yi sau ɗaya a kwana shida. Biyu suka tafi ya koma kwana huɗu. Ɗaya ta tafi hutun haihuwa, ɗaya ya tafi jarabawa, saura biyu, yau kai gobe ni. Waɗanda suka rage su ne ke sarewa, waɗanda suka sare su ne ke fara karatun jarabawar fita ƙasar waje, haka abin yake cin kansa. Shi ya sa NARD ta daɗe tana neman a ba asibitoci damar maye gurbin duk wanda ya tafi nan take ba sai an jira izinin ɗaukar ma'aikata daga Abuja ba.

Akwai kuma al'adar gidan, wadda ta girmi Najeriya. Tsarin horon nan ya samo asali ne daga asibitin Johns Hopkins a Amurka wajen 1890, inda matasan likitoci suke zaune a cikin asibitin dungurungum, dare da rana. Babban likitan tiyatar da ya kafa tsarin a fanninsa, William Halsted, tarihi ya tabbatar ya yi fama da jarabar hodar iblis sannan mofin. Abin lura ne dai cewa ma'aunin juriyar da aka gada daga wajen wa aka gaje shi.

Abin da kowane ɓangare yake cewa

Hujjar masu neman a rage awowi ta fi tsayawa a kan barci. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da na hannunsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya, in ya kai awa 24 ya wuce iyakar da ƙasashe da yawa suka yarda a yi tuƙi da ita. A 2004 masu bincike na Harvard suka gwada sababbin likitoci a ɗakin kulawa ta musamman, masu dogon kol suka yi manyan kurakurai fiye da masu gajeren aiki da kashi 36 cikin ɗari. Shekara guda bayan nan wani binciken ya nuna haɗarin yin hatsarin mota a hanyar komawa gida bayan dogon kol ya ninka fiye da sau biyu.

Manyan da ke ba da horo, ko wasunsu, suna da nasu. Ba duka ba ne masu cewa "mu ma haka muka sha, kowa ya ci zomo ya ci gudu", duk da akwai su. Masu hujja a cikinsu cewa suke yi ciwo ba ya bin agogo, likitan da ya karɓi majinyaci da daddare ya kamata ya ga yadda ya kwana ya tashi, a nan ake koyo. Kuma duk miƙa aiki daga hannu zuwa hannu ƙofa ce ta mantuwa: an manta a faɗa cewa wannan ba ya shan wane magani, an manta sakamakon gwajin da ake jira. Likitan tiyata kuma hannu yake koya, in awowinsa sun ragu adadin aikin da ya yi kafin ya gama ya ragu.

Amurka ta yi wannan jayayyar shekara arba'in. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin koyarwa a New York a hannun ƙananan likitoci da aiki ya yi wa yawa, mahaifinta lauya ne kuma ɗan jarida, bai bar maganar ba har jihar ta kafa dokar awa 80 a mako a 1989. A 2003 aka faɗaɗa ta ga duk ƙasar. A 2011 aka rage wa 'yan shekarar farko zuwa awa 16 a jere, sai kuma a 2017 aka janye aka koma 24, bayan wani babban gwaji a sassan tiyata bai nuna bambanci a mace-macen majinyata ba tsakanin masu tsauraran awowi da masu sassauci. Turai ta bi wata hanya, awa 48 a mako a matsakaici, wadda ta hau kan ƙananan likitocin Ingila gaba ɗaya a 2009, kuma likitocin tiyata a can sun daɗe suna ƙorafin horo ya yi rauni. Sai dai a lura, duk wannan gardamar tasu tsakanin awa 16 da 24 ake yinta a cikin mako mai iyaka. Ba wanda ya gwada awa 72 ya ce lafiya lau.

Ita kuma hukumar asibiti matsalarta ta lissafi ce. Umarnin ƙungiya ce ta bayar ga membobinta, rostar kuma sashe ne ke rubuta ta da mutanen da yake da su. In wanda ya kwana zai tafi gida da safe, wani ne zai zauna a kilinik a madadinsa, in babu wanin to ko a rage kati ko aikin ya hau kan kwansoltan da 'yan horon farko, wato an kwashe kayan daga kan wani jaki an ɗora wa wani. Gwamnati a nata ɓangaren ta amince da manufar ƙasa kan ƙauran ma'aikatan lafiya a Agustan 2024, ta kuma ƙara guraben ɗaukar ɗaliban likitanci. Ɗalibin da aka ɗauka bana sai bayan shekara goma sha wani abu zai zama ƙwararre, kuma kafin nan ƙarin ɗalibai ƙarin aiki ne a kan malaman da suka rage.

Abin da shugaban sashe zai iya ba tare da jiran Abuja ba

Rage awowi kaɗai bai kashe sarewa ba ko a inda aka yi shi. A Amurka, da dokar awa 80 da komai, binciken da ake maimaitawa duk bayan 'yan shekaru ya samu kusan kashi 45 cikin ɗari na likitoci da alamar sarewa a 2011, ya haura 54 a 2014, ya kai kusan 63 a 2021 lokacin korona. Martanin farko na asibitoci da yawa shi ne shirya bita kan juriya da motsa jiki da numfashi, likitoci kuma suka tsane ta, musamman in an sa ta a lokacin hutunsu. Nazarin da aka tattara daga baya ya nuna irin wannan na ɗan taimakawa, amma gyaran tsarin aikin kansa shi ne ba a iya tsallakewa. Jami'ar Stanford ta naɗa Tait Shanafelt babban jami'in kula da walwalar likitoci a 2017, wasu suka bi sahu.

Abubuwa biyu daga binciken Shanafelt tun yana asibitin Mayo Clinic na Amurka sun shafi sashen koyarwa kai tsaye. Na farko, malaman likitanci da ke samun aƙalla kashi 20 cikin ɗari na lokacinsu, kwana ɗaya a mako kenan, a ɓangaren aikin da ya fi musu ma'ana, ko koyarwa ko bincike ko majinyata, sarewarsu ta kusa rabin ta waɗanda ba sa samu. Na biyu, halin shugaban da ke kanka kai tsaye yana hasashen sarewarka: yana sauraron ka, yana gaya maka abin da ke faruwa, ya san inda kake son zuwa? Wannan ba ya cin ko sisi. A Mayo ɗin ma sun gwada haɗa likitoci rukuni-rukuni su ci abinci tare lokaci-lokaci su tattauna abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, asibiti ya biya kuɗin abincin. A sashen gaggawa na Stanford kuma sun gwada wani banki na lokaci, in ka rufe wa wani kol ko ka ja ɗalibi a jiki sai a rubuta maka maki, ka canza shi da abincin da za a kai maka gida ko mai share gida.

A asibitinmu jerin ya fi wannan sauka ƙasa. Ɗakin kol mai ƙofar da ke kulluwa da katifa da ruwa a banɗaki. Abinci da daddare. Rosta ta fito da wuri, a kuma raba ranakun Sallah da azumi da Kirsimeti da adalci, kar kullum su faɗa kan ƙarami. Hutun shekara da na jarabawa a bayar da su ba sai an yi roƙo ba. Mai gadi a sashen gaggawa, domin dukan ma'aikatan lafiya in an yi rasuwa ba baƙon labari ba ne. Taron duba mace-mace ya zama na gano inda tsari ya yi ɓaraka, ba na tsayar da rijistara a gaban ɗalibansa a yi masa wankin babban bargo ba. Mata masu shayarwa da masu ciki kuma a yi rostar da ta san da su, tunda shekarun horon nan su ne shekarun haihuwa.

Wanda ya fi wuya shi ne neman taimako. Likitan da ke cikin damuwa a asibitin koyarwa, likitan ƙwaƙwalwar da zai gani abokin aikinsa ne ko malaminsa, foldarsa kuma za ta bi ta hannun mutanen da suke gaisawa kullum. A Amurka sai da Dakta Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa a wani asibitin New York, ta kashe kanta a Afrilun 2020, danginta suka ce tsoron rasa lasisi na cikin abin da ya sa ta jin nauyin neman magani, sannan aka yi doka da sunanta a 2022 aka fara cire tambayoyin tonon asiri daga fom ɗin lasisi. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023 wadda ta maye ta 1958. Mafita mai sauƙi da sashe zai iya yi ita ce yarjejeniya da likita a wani asibitin daban, ba folda a gida, ba sanin shugaba.

Yadda abin zai taɓa mai zuwa asibiti

In an bi umarnin NARD sosai ba a ƙaro ma'aikata ba, abin da za a fara gani shi ne layi. Katin kilinik zai ragu, ranar da za a ba ka ta dawowa za ta yi nisa, tiyatar da ba ta gaggawa ba, irin ta gwaiwa ko ƙari a mahaifa, za a riƙa ɗaga ta. Mai hali zai tafi asibitin kuɗi, inda sau da yawa likitan asibitin koyarwar ne dai zai gani da yamma, wannan ma wani ɓangare ne na lissafin awowin da ba a cika faɗa ba, albashi bai isa ba sai an haɗa da aikin waje. Marar hali zai jira ko ya koma kemis.

Mai jinya kuma zai ga fuskoki sun yawaita, wanda ya karɓe ku jiya da daddare ba shi za ku gani da safe ba. A nan ɗan abin da ke hannun dangi yana da amfani: a riƙe takarda ɗaya da sunayen magungunan da majinyaci yake sha da wanda jikinsa ba ya so, da gwajin da aka yi ake jiran sakamako, mutum ɗaya ya zama shi ne mai magana da likitoci maimakon kowa ya zo da tasa.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a labarai. Kwalejojin ƙwarewa suna zuwa tantance kowane sashe lokaci-lokaci, kuma yawan masu neman ƙwarewar da za a yarda sashe ya ɗauka yana rataye da yawan kwansoltan da kayan aikin da yake da su. Sashen da manyansa suka watse zai iya rasa izinin horarwa, in ya rasa ƙananan ma su nemi wani wuri, sai jiha guda ta wayi gari mai ciwon ƙoda ko mai buƙatar tiyatar ƙwaƙwalwa sai an sa shi a mota an yi tafiyar awa biyar ko shida da shi zuwa Kano ko Zariya.